Inda Aka Zaunar da Inna

A tasha ba mai kiransa da sunansa na yanka. Rangwame suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum ne da ko allura zai saya sai ya tambaya ko akwai ragi, in an ce babu ya juya kamar zai tafi, ya yi taku uku, ya tsaya yana jiran a kira shi. Shekara ashirin da shida yana jan babbar motar fasinja a doguwar hanya, bai taɓa sayen taya a farashin farko ba, kuma yakan faɗi haka da alfahari ko ba a tambaye shi ba.

Ƙanwarsa, autar gidansu, tana aure a ƙetaren teku. Da cikinta na fari ya shiga wata takwas ta kira shi tana kuka ƙasa-ƙasa, ta ce ita dai Inna, mahaifiyarsu, take so a kusa da ita. An sha wahalar biza, daga baya aka samu. Auta ta turo kuɗin jirgi cif-cif, har da 'yan canji a kai.

"Yaya, don Allah ka sayi mai kyau," ta ce. "Ka san Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba."

"Ni za ki koya wa tafiya? Kina rarrafe na fara jan mota."

Ofishin mai tikiti yana saman wani shagon magani, ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙara da kujeru biyu na baƙi. Mai tikitin dattijo ne marar yawan magana, gilashinsa rataye da zare a wuya. Ya juyo da allon kwamfuta ya nuna wa Rangwame jiragen da ke ƙetare teku a watan. Na Juma'a da Asabar sun fi tsada. Na Talata da Laraba da ɗan dama-dama. Akwai mai sauƙi amma sai an sauka sau biyu a hanya, akwai wani da za a yi zaman awa goma sha tara a filin jirgi kafin a ci gaba. Suna cikin kallo ma wani farashin ya ƙaru a gaban idonsu, Rangwame ya dubi dattijon kamar shi ya taɓa wani abu a ƙarƙashin tebur.

Kwana uku yana hawa benen nan yana sauka. Ya tambayi na asuba, ya tambayi na tsakiyar mako, ya tambaya ko tsofaffi suna da ragi kamar yara. A rana ta uku idonsa ya faɗa kan wani layi a can ƙasan allo, wanda kuɗinsa ya gaza na sauran da kusan kashi ɗaya cikin uku.

"Wannan fa na ƙasa?"

"Wannan ba na Inna ba ne," in ji mai tikiti.

"An rubuta sunan mai shi ne a jiki?"

Dattijon ya cire gilashi ya murza ido. "Tikiti biyu ne aka jera wuri ɗaya. Kamfani biyu, ba ruwan wani da wani. Na farko zai kai ta birnin tsakiya, ya sauke ta da akwatinta, aikinsa ya ƙare. Ita za ta je ta ɗauki akwatin, ta nemi teburin kamfani na biyu a wani ginin daban, a sake auna kaya, a sake bincike. Awa biyu da minti goma ne tsakani. In na farko ya makara, na biyu ba zai jira ta ba. Wanda na nuna maka jiya tikiti ɗaya ne, su suka ɗauke ta, su za su kai ta, ko jirgi ya wuce ta sai sun sa ta a wani."

Rangwame ya yi dariya har da buga cinya. Ashe duk canjin mota ne ake ta yi wa wannan dogon bayani. Shi da kullum aikinsa ke nan! In ya isa mahaɗa, fasinjan da zai yi gabas sai ya kama hannunsa ya miƙa wa wani direba, ya ce ga amana, a sauke shi wuri kaza. Tsofaffi nawa ya miƙa haka, da mata masu goyo, da marasa lafiya. Awa biyu kuwa, ai a awa biyu shi yana sauke lodi ya sake wani har ya sha shayi.

"Sa'arku ɗaya, ƙasar tsakiyar ba ta neman biza a irin fasfonta," in ji mai tikiti. "To in ka nace, bari aƙalla in sa mata keke, irin na marasa lafiya. Ma'aikaci zai tare ta a ƙofar jirgi, ya tura ta duk inda za ta."

"Nawa?"

"Kyauta ne."

Nan ne fa Rangwame ya tsuke fuska. A saninsa, duk abin da aka ce kyauta ne a nan, can gaba ake tare mutum a ce ya biya, kuma tsohuwa za a tare, a ƙasar da ba ta jin maganarsu. Ban da haka ma, Inna da ƙafarta take zuwa kasuwa ta dawo.

"Uwata ba gurguwa ba ce, Malam. Kada ka yi mata mugun fata. Yanka na ƙasan kawai."

A gaskiya ba don ya ci ragowar ya yi ba. Ya saya wa Inna rigar sanyi mai kauri, da takalmi sau-ciki, da sabon akwati mai taya, abin da ya rage ya sa a ambulan domin jariri. So yake Auta ta buɗe ambulan ɗin ta ce, lallai Yaya ya san kan duniya. Lokacin saukar jirgi na biyu kawai ya tura mata. Zancen tikiti biyu bai ga dalilin ɗaga wa mai ciki hankali da shi ba.

Ranar tafiya suka isa filin jirgi kafin magariba. Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce, rigar sanyin ta yi mata yawa har hannuwanta sun ɓace a ciki, sai bakin carbi ke leƙowa. Tana da ciwon suga da hawan jini, tana shan ƙwaya safe da yamma. Ta sha ta yamma a mota. Sauran maganin Rangwame ya tura cikin babban akwati, don a ƙa'idarsa fasinja hannu sake yake tafiya, kaya na but ɗin mota ne. Da ta sauka ai za ta karɓi akwatin kafin lokacin ƙwayar safe.

Matar da ke auna kaya ta liƙa takarda a hannun akwatin, ta dubi Inna, ta dubi shi.

"Kun san a birnin tsakiya zai sauka ko? Wa zai ɗaukar mata?"

"Akwai," ya ce.

Babu. Amma a karon farko wani sanyi ya ɗan ratsa shi, don ya ga yadda matar ta sake duban Inna kafin ta miƙo fasfo. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya tsaya gefe yana karanta mutanen da ke layi kamar yadda yake karanta fasinja, ya tsallake samari, ya tsallake masu yara, ya tsaya kan wani magidanci mai furfura a gemu da farin gilashi, wanda jakarsa ta nuna ta sha tafiya. Ya gaishe shi hannu biyu, ya yi masa bayani.

"Ba komai," in ji mai gilashin. "Ni ma ina da wani jirgin a can, amma akwai lokaci. Uwa ai ta kowa ce."

Suka karɓi lambar juna. Rangwame ya ja Inna gefe ya durƙusa a gabanta, don abin da zai faɗa shi ne dokar da ya fi yarda da ita a duk sana'arsa. Fasinjan da ya zauna inda aka ajiye shi ba ya ɓata. Mai yawo ne ke ɓata, da mai bin duk wanda ya ce masa zo. Ya taɓa ganin wani tsoho da ya bi ɗan kamasho a mahaɗa, sai bayan kwana biyu aka same shi a wani gari ba hula ba jaka.

"Inna, ki saurare ni da kyau. Wannan mutumin shi kaɗai za ki bi. Duk inda ya zaunar da ke, kada ki motsa sai ya dawo. Ko wa ya zo ya ce ki taso, ko da kaki a jikinsa, kada ki bi shi. Jakar nan kuma kada ki ba kowa, fasfonki na ciki da takardar lambobinmu."

"To, Babba." Haka take kiransa, shi ne ɗanta na fari. Ta riƙe hannunsa da hannun rigar. "Ni dai tsoro nake ji."

"Ba abin tsoro. Canjin mota ne kawai."

Ta bi bayan mai gilashi tana jan takalmin da bai saba da ƙafarta ba. A bakin ƙofar bincike ta waiwayo sau ɗaya, ya ɗaga mata hannu yana murmushi.

Washegari da sassafe, tun kafin ya karya, ya kira mai gilashi. A kashe. Ya kira ƙaramar wayar Inna, duk da an gaya masa ba za ta yi aiki a can ba. Ya tafi tasha, ya tarar layinsa ne na lodi, ya tsaya jikin mota yana sake kira. Fasinja sun fara shiga, shi kuwa hankalinsa yana kan waya. Ya ce wa na bayansa ya ɗauki layin. Direbobi suka dubi juna, don ba a taɓa ganin Rangwame ya bar wa wani lodi ba ko ranar da yake zazzaɓi.

Ƙarfe tara yana kan benen mai tikiti. Dattijon bai tambaye shi komai ba, ya danna ya duba.

"Na farkon bai tashi kan lokaci ba jiya. Ya makara da awa ɗaya da rabi. Ya sauka bakwai saura ashirin."

"Na biyun fa?"

"Bakwai da ashirin ya tashi. Daidai lokacinsa."

Rangwame ya yi lissafin da leɓunansa. Minti arba'in. "Ai mutumin ya san wurin. Zai ruga da ita."

"Akwati kaɗai yakan ci rabin awa kafin ya fito," in ji mai tikiti a hankali. "Kuma suna rufe karɓar kaya awa guda kafin tashi."

Da ya ce masa ai na gaya maka, da Rangwame ya sami abin yi wa faɗa, ya ji sauƙi. Bai ce ba. Ya jawo masa kujera, ya ɗauki wayar tebur ya kira kamfani na biyu, aka sa musu kiɗa. Kiɗan nan ya yi ta zagayowa, fanka tana ƙara, Rangwame yana kallon agogon bango. Wajen sha biyu aka ɗauka. Mai tikiti ya karanta lambar tikiti, ya saurara, ya yi godiya, ya ajiye.

"Ba ta shiga ba. Ba ta ma zo teburinsu ba."

Suka kira kamfani na farko. Aka ce fasinja ta sauka lafiya, akwatinta yana ɗakin kayan da ba a karɓa ba, daga nan ba su da wani bayani. Ke nan akwati yana wuri ɗaya, Inna tana wani wurin. Ƙwayar safe tana cikin akwatin, a aljihun gefe, shi ya zuge zif ɗin da hannunsa. Ya san yadda take yi in ta wuni ba ci ba magani. Ya taɓa tarar da ita zaune a tsakar gida, gumi ya jiƙa mata wuya, tana kiransa da sunan mahaifinsa da ya rasu. Ranar akwai shi, akwai mota a ƙofar gida, asibiti kuma tafiyar minti goma.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi jin tsoro. A can ƙetare gari ya waye, Auta tana shirin zuwa tarbar jirgin da babu Inna a ciki. Ya fita barandar bene ya kira ta.

"Yaya! Yanzu nake cewa zan kira ka. Na gyara mata ɗaki, na sa mata bargo biyu. Kana ganin za ta iya cin abinci da ta sauka, ko in bari ta huta?"

"Auta, kina zaune?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba, tikiti biyu, da mai gilashi, da akwati, da magani. Yana jin numfashinta yana hawa.

"Tana ina yanzu?"

"Ban sani ba."

"Yaya, kuɗin ne bai isa ba?"

"Ya isa."

"To don me?"

Ya buɗe baki, ya ga rigar sanyi da ambulan ba abin da za a faɗa ba ne a wannan wurin. Ya ji mijinta ya karɓi wayar yana cewa ta zauna, ta yi numfashi, shi zai kira filin jirgin. Aka kashe.

Azahar ta yi ta wuce. Mijin Auta ya kira ya ce an yi shela da sunanta a lasifika sau biyu, ba wanda ya zo. 'Yan sandan filin sun ce za su duba, amma wurin gini huɗu ne, ƙofofin jirgi sun haura ɗari, mutum dubu nawa ke ratsawa a wuni. Sun tambayi irin kayan da ta sa. Rangwame ya ce rigar sanyi ruwan toka. Yana faɗa ya gane da kansa cewa rabin mutanen wurin abin da suka sa ke nan.

Tunani iri-iri ya yi ta zuwa masa, ba mai daɗi ko ɗaya. Ya gan ta ta bi wani ta fita titi. Ya gan ta kwance a banɗaki an kulle ƙofa ta ciki. Ya gan ta a gadon asibiti ba wanda ya san sunanta, tana magana ana girgiza kai. Matarsa ta kira sau uku, ya kasa ɗauka. Mai tikiti ya sa an kawo masa shayi da burodi, suka huce a kan tebur.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara, ya ga lambar mai gilashi. Ya kusa yar da ita wajen ɗauka.

"Ina uwata?"

"Ba ta iso ba? Wallahi na yi iya yina. Yanzu na sauka a nawa garin. Mun isa a makare, nawa jirgin saura rabin awa, kuma ita ba ta sauri. Na zaunar da ita a kujera kusa da inda muka fito, na yi wa wani ma'aikaci magana ya kula da ita."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta jira, ina zuwa."

"Ka ce mata kana zuwa?"

"To me zan ce mata? Don hankalinta ya kwanta ne. Ai ma'aikacin ya ce zai turo wani."

"Wace ƙofa ce?"

Mutumin ya yi ta tunani. Akwai babbar taga. Akwai shagon shayi a kusa, ko na turare. Lambar dai ta fita daga kansa, gudu yake yi.

Rangwame ya sauke wayar a hankali. Ya so ya zagi mutumin, zagin ya ƙi fitowa, don ya san wannan maganar. Shi ma yana faɗinta. Sau nawa ya zaunar da tsohuwa a benci a mahaɗa, ya ce jira nan Mama, yanzu za a zo, ya yi wa wani magana a tsaitsaye, ya hau mota ya ba ta wuta bai ko duba madubi ba? Bai taɓa komawa ya tambaya ko an zo ɗin ba.

Sai kuma sauran ya faɗo masa gaba ɗaya, har ya dafa bango. Ba yawo Inna ta tafi ba. Ba ta bi kowa ba. Tana nan inda aka zaunar da ita, tana jiran mutumin da ya riga ya bar ƙasar, kuma duk wanda aka turo ya taimake ta za ta ƙi shi, domin ɗanta ya durƙusa a gabanta ya ce ko da kaki a jikinsa. Tun yana yaro bai taɓa ganin ta yi alkawari ta saɓa ba.

"Tana zaune," ya ce wa mai tikiti. "Tun safe tana zaune wuri ɗaya. Ni na ɗaure ta."

Rana ta yi ƙasa, hasken tagar ofishin ya koma ja. Mai tikiti ya wuce lokacin tashinsa, bai ko taɓa makullinsa ba. Ana gab da kiran magariba wata doguwar lamba ta shigo, wadda Rangwame bai sani ba.

"Salamu alaikum. Kai ne Babba?" Muryar mace ce, da harshensu, amma da alamar ta daɗe a waje.

"Ni ne. Tana da rai?"

"Tana da rai. Ni shara nake yi a filin jirgin nan. Na zo karɓar aikin yamma, abokiyar aikina ta ce akwai wata tsohuwa a ƙarshen layin kujeru tun safe, ba ta ci ba ta sha, ba ta kula kowa. Na je ina goge wajen, sai na ji tana magana ita kaɗai da harshenmu. Malam, jikinta ba daidai yake ba. Leɓenta ya bushe, hannunta na karkarwa. Na ba ta ruwa da ƙyar ta karɓa. Akwai ɗakin likita a ƙasa, na ce ta zo mu je, ta ƙi. Takardar lambar ma ba ta ba ni ba, riƙe ta ta yi na karanta daga hannunta." Matar ta rage murya. "Ko banɗaki ba ta je ba tun da aka ajiye ta. Na rufa mata rigar aikina a cinya, ka gane. Ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji daga bakinka."

Rangwame ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya ji ana gyara waya, ya ji ƙarar carbi.

"Babba?"

"Na'am, Inna."

"Mutumin nan bai dawo ba. Allah ya sa ba wani abu ne ya same shi ba." Muryar a bushe take, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Ni dai ban motsa ba. Mutum uku suka zo. Ɗaya har da keke ya kawo, yana ta nuna mini in hau. Ban hau ba. Na ji kamar sunana a sama, ban tashi ba. Jakar ma tana nan, ban ba kowa ba."

Ya toshe bakinsa da hannu. Hawaye suna bin bayan yatsunsa, shi da ko ranar jana'izar mahaifinsa bai bari an ga nasa ba.

"Na yi daidai ko, Babba?"

"Kin yi daidai, Inna. Ni ne ban yi ba."

"Sallolina duk a zaune na yi su, ba alwala. Ban sani ba ko za su karɓu." Ta ja numfashi. "To yanzu in tashi?"

Shekara ashirin da shida yana gaya wa mutane inda za su sauka da inda za su bi. Ya nemi hanya ɗaya da zai kwatanta mata a cikin ginin nan, bai san ko ƙofa ɗaya ba.

"Tashi, Inna. Ki bi wannan baiwar Allah. Duk abin da ta ce ki yi, ki yi. Ki ba ta jakar. In an kawo keke ki hau."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya ji ƙarar kujera. Ya ji matar tana cewa, "Riƙe kafaɗata, Mama, a hankali, ba sauri muke ba." Ya ji Inna ta yi nishi mai tsawo, ta koma ta zauna, ta sake yunƙurawa. Bai cire wayar daga kunnensa ba.

Mai tikiti ya riga ya juyo da allon. Akwai jirgin gobe da hantsi daga birnin tsakiya, kai tsaye, saura kujera biyu. Ya sa gilashinsa, ya buɗe baki zai karanta farashin, Rangwame ya ɗaga masa hannu daga inda yake zaune a ƙasa.

"Yanka kawai," ya ce. "Ka sa mata keken."